Wasan sal ko wasan zo-ka-gyara: wanne ya dace da labarin ƴar aikin nan?

Ƙanena ya iske ni a fada daren juma'a, ana cikin zuba shayi na biyu, ya ja benci ya ce yaya rigima fa ta tashi cikin turup ɗinmu. Wai sun samu ɗan tallafi, ba wani mai yawa ba, abin da zai ishe su wasa guda da wata uku na shiri, kuma labarin da za su yi kowa ya yarda da shi: yarinya ce daga wani ƙauyen Adar ta zo Tawa aikatau gidan wani Alhaji, wata huɗu ba a ba ta ko dala ba, ran da ta buɗe baki ta tambayi kuɗɗinta sai anka ce sarƙar Hajiya ta ɓace, anka kore ta da dare da ƴar ledar kayanta. Labari kam babu mai gardama da shi, kowa cikinmu ya san gida aƙalla guda da anka yi haka. Gardamar tasu kan yadda za a yi wasan ne. Rabi na son a rubuta shi tsaf tun daga sallama har rufe labule, a yi shi cikin sal a MJC Albarka Tchibaou, gidan matasa da al'adu na Tawa, a aika ma manyan gari katin gayyata. Rabi kuma sun ce a'a, teyatur forum za a yi, irin wanda ɗan kallo ke tsayar da wasa ya shigo fili ya gyara, a zagaya da shi unguwa-unguwa. Na ce mishi bari in rubuta muku, don in na soma magana nan shayi hucewa zai yi, kuma ƴan fada sun gaji da labaran samariyata.

Ina da inda na karkata, ba zan ɓoye ba, amma ku bari in baje kayan duka biyu tukuna kamar ɗan kasuwar lahadi.

Abin da rubutaccen wasa ke iyawa, wanda ɗayan ba ya iyawa ko ya so, shi ne ya ɗaure laifi ƙulli-ƙulli har igiyar ta zagaye kowa a ɗakin. Misalin da na fi riƙewa na wani Bature ne ɗan Ingila, J. B. Priestley, wasansa An Inspector Calls da anka fara nunawa a Tarayyar Sobiyet a 1945 sannan Landan a 1946, kuma na kawo shi ne don ya yi kama da labarinku har abin ya ba ni mamaki. Iyalin wani mai masana'anta ne suna walimar baikon ɗiyarsu a 1912, ana ci ana sha, sai ga sufeton ƴan sanda ya yi sallama ya ce wata yarinya ta sha guba ta mutu a asibiti. Kowa ya ce Allah sarki, amma mi ya shafe mu. Sai ya bi su ɗai-ɗai. Uban ya kore ta daga aiki don tana cikin waɗanda sunka ja yajin aiki suna neman a ɗaga albashin mako daga sule 22 da sisi zuwa sule 25. Ɗiyar ta sa anka kore ta daga kantin tufafi inda ta koma, don ƙyashi kawai. Angon ya ajiye ta na ƴan watanni ya sake ta. Ɗan gidan ya yi mata ciki. Ita kuma uwar, wadda ke jagorantar zaman matan da ke taimakon gajiyayyu, ita ce ta hana a ba ta ko sisi ran da ta zo da cikin tana neman agaji. Ba wanda ya taɓa ta da wuƙa, kowa ɗan tura ta ya yi taki guda, har ta kai bakin rijiya.

To ku dubi naku. Alhajin da bai taɓa sanin ko sunanta na gaskiya ba, Hajiyar da ke riƙe kuɗɗin wai tana tara mata, matar da ta kwaso ta daga ƙauye tana cin rabin albashin, ɗan gidan da ya san inda sarƙar take don shi ya sayar da ita, maƙwabciyar da ta ji kukan ta rufe taga, har da uban yarinyar da ke Abijan shekara uku babu aike. Wannan sarƙa ta mutane, in kuna son ɗan kallo ya gan ta daga farko har ƙarshe ba tare da an katse ba, sai rubutu. Domin aji, wato bambancin mai hali da talaka, ba mugun mutum guda ba ne da za a yi ma ihu a tashi, tsari ne da mutanen kirki ma ke ciki tsundum, masu salla a sahun gaba, masu fidda zakka. Wanga shi ne abin da ya fi wuyar nunawa a dandali, kuma mai rubutu ne kaɗai ke da ikon ya ce wa za a fallasa farko, wa za a bari sai ƙarshe.

Akwai kuma wata dabara da Priestley ya yi da za ku iya ara ba tare da kun saci komi ba. Ya maida labarin baya ne da gangan, sai maigidan ya riƙa cika baki wai ba za a yi yaƙi ba, wai jirgin Titanic ba ya nutsewa, ga masu kallo na 1945 da sunka ga yaƙin duniya biyu da idonsu. Tun bai kai ga maganar "kowa tasa ta fishshe shi" ba sun riga sun san ba a ɗaukar maganarsa. Ku ma ku sa wasan a farkon 2019, Alhajinku ɗan kasuwa ne yana buga ƙirji wai iyakar Najeriya ba mai iya rufe ta, alhali duk wanda ke zaune a sal ɗin, daga nan har Ƙonni, ya san a watan Agusta na shekarar anka rufe ta fiye da shekara guda. Dariyar da za a yi mishi a nan ita za ta biyo shi har lokacin da zai ce yarinyar nan ai taimakonta muke. Amma don Allah kar ku fassara wasan Baturen ku sa mishi rawani, mutumin ya rasu a 1984 ne, haƙƙin mallakarsa na nan, kuma ko ba don haka ba sufeto mai shigowa gidan Alhaji yana titsiye Hajiya a falonta, a Tawa, wa zai yarda. Ku nemo wanda al'adarmu ta ba bakin tambaya. Tsohuwar da ta biyo sawun jikarta, misali. Tsohuwa ba a korar ta daga zaure.

Yanzu aibin sal, kuma yana da yawa. Na farko wa ke zuwa. Manyan da kuke aika ma kati rabinsu wakili za su turo, waɗanda sunka zo su zauna layin gaba, a yi jawabi, a ɗauki hoto, kafin wasa ya yi zafi an ce suna da wani taron. Wanda ya tsaya kuma, ɗan Adam ne, zai yi dariya har da hawaye yana taɓa na kusa da shi yana cewa wallahi wane ne wannan, shi bai ga kansa ba. Na biyu, wadda ake wasan dominta ba ta nan, tana gida tana wanke-wanke don Hajiya ta samu zuwa kallo. Na uku, ƴan wasanmu ba su saba da hadda ba. Da yawansu sun fi iya karanta Faransanci bisa ga Hausar boko don haka lakkwal ta reno mu, in ka ba su takarda sai su koma kamar masu resitasiyo gaban mushe, bakin nan mai zaƙi da suke da shi a fada ya bushe ƙayau.

Kuma wannan ba laifinsu ba ne, gadonmu ne haka. Mu da munka yi wasa zamanin samariya, lokacin Janar Seyni Kountché, 1974 zuwa 1987, ba mu san wani rubutu ba. A zauna a tsara labari da baki, a raba ma kowa matsayinsa, wane Sarki, wane Alhaji, wane boka, wane kwamis, ni kullum dogari, sannan a yi ta maimaitawa har maganganun su zauna da kansu. Haka su Yazi Dogo da turup ɗinsu na Damagaram sunka yi suna a rediyo da Télé Sahel, haka ake zuwa gasar bikin matasa na ƙasa da ke zagaya manyan garuruwa. Kafin su ma akwai tashe, akwai ƴan kama, akwai wasan kara na Damagaram inda ake kwaikwayon masu mulki a gabansu. Amma in za mu faɗi gaskiya, yanzu da gemu ya yi fari, wasan samariya yana da rufin da ba ya wucewa. Ka zagi Alhaji mai ɓoye hatsi, ka zagi malamin tsibbu, ka zagi ƙaramin ma'aikaci mai cin hanci, ka yi wa'azin a bar tafiya bida a tsaya a yi noma, duk an yarda, don gwamnati ma abin da take so kenan. Ƙarshen wasa kullum gaban hukuma ake zuwa ita ta raba gardama. Ba mu taɓa tambayar ita hukumar wa zai yi mata shari'a ba, kuma ba mu ma lura ba mu tambaya ba.

Shi teyatur forum, wanda ni nake kira zo-ka-gyara, daga Barazil ya fito, wurin Augusto Boal, wanda sojojin ƙasarsu sunka kama a 1971 kafin ya yi gudun hijira. Shi da kansa ya ba da labarin abin da ya juya mishi tunani: sun je ƙauye a arewa maso gabashin ƙasar suna wasa da bindigogin ƙarya suna waƙar a zubar da jini don ƙasar noma, da anka gama wani manomi ya ce madalla, ku zo mu tafi yanzu mu far ma mai gonar, akwai bindigogin gaske. Sai ƴan wasa sunka fara kame-kame, su ai ƴan wasa ne. Daga nan ya gane rashin kunya ne ka tura mutum inda kai ba za ka je ba. Sai ya juya abin: a yi gajeren wasa, minti goma sha biyar ko ashirin, wanda ke ƙarewa da an danne mai gaskiya. A sake farawa, duk ɗan kallon da ya ga inda za a iya yin wani abu daban ya ce a tsaya, ya shigo ya karɓi matsayin wanda ake zalunta ya gwada dabararsa, su kuma ƴan wasa ba za su sauƙaƙa mishi ba, Alhaji zai ci gaba da zama Alhaji. Tsakanin fili da jama'a akwai mai jan ragama da suke kira joka, shi ba ya ba da amsa, tambaya kawai yake, kun yarda haka za ta yiwu a garin nan, ko ko wannan tatsuniya ce. Maƙwabtanmu na Burkina sun daɗe a kai, Prosper Kompaoré ya kafa Atelier Théâtre Burkinabè a Wagadugu tun 1978, kuma ta wajensu ne da yawa a yankin nan sunka koyi salon.

In ya yi kyau, wallahi babu kamarsa. Na ga matar da ba ta taɓa magana gaban maza ba ta ɗaure zane ta shigo fili ta tsare ɗan wasa da magana har ya rasa ta cewa, mata na guɗa. Abin da ta faɗa a nan ta gwada shi a bakinta sau ɗaya, gobe in ta kama ya fi sauƙin fitowa. Ba ka buƙatar sal, ba ka buƙatar dekor, inuwar bedi da tabarmi sun isa, kuma abin da ya fi komi, kai ne ke zuwa wurin talaka ba shi ke neman kuɗɗin kabu-kabu ya zo wurinka ba. Ga kuma abin da kake koyo, don mai ɗaki shi ya san inda ke mishi yoyo, za ku ji abubuwa kan aikatau da ba za ku taɓa ƙagowa a kan tebur ba.

To amma a nan ne zan daɗe, don a nan ne rabin turup ɗinku ba su yi lissafi ba.

Ƙa'idar wasan ita ce ɗan kallo yana maye gurbin wanda ake zalunta. Ke nan tambayar da za ku jefa ma jama'a ita ce mi ya kamata yarinyar ta yi. Ƴar shekara goma sha huɗu, baƙuwa, cikin dare, ba ta da ko kuɗɗin mota, an ce mata ɓarauniya. Mi za ta yi. Duk wanda ya shigo zai ce da ta yi haƙuri, da ta je wurin mai unguwa, da ba ta yi ma Hajiya tsiwa ba, da tun farko ta zauna garinsu. Kun gani, kun fito ku tuhumi masu hali, kun ƙare kuna yi ma yarinya gyaran hali. Shi kansa Boal ya yi kashedi a kan haka, in an kai inda mutum ba shi da sauran zaɓi, wuƙa na wuya, to babu abin da za a tattauna, sai a koma baya inda da sauran hanya. Nauyin labarinku yana kan waɗanda ke sama ne, su kuma a zo-ka-gyara ba a maye gurbinsu, in ma an maye sai a samu wani ya shigo ya zama Alhajin kirki ya zaro kuɗɗi ya biya har da goro, a tafa, kowa ya san ƙarya ce.

Sai kuma cutar da ta kama salon a ƙasashenmu, wato proje. Ni kaina na ci wannan tuwon, ba zan yi kamar ban ci ba. Shekarun baya wata ƙungiya da ba sai na faɗi sunanta ba ta ɗauke mu zagayen ƙauyuka kan karatun ɗiya mata, an ba joka takarda da amsoshin da ake son a ji. Mutanen ƙauye kuma ba wawaye ba ne, sun ga farar mota, sun san abin da ake so, kowa ya shigo ya ce ilimin ɗiya mace ilimin al'umma, a tafa, a rubuta a kaye cewa mutum kaza sun halarta. A wani gari wata dattijiya ta karɓi mikro ta ce ku da kuke ta cewa mu sa su lakkwal, ajin namu wata nawa ba malami, kuma rijiya na da nisa wa zai ɗebo ruwa. Ita kaɗai ta yi siyasa a wurin ranar. Sai na ga mai kula da mu yana ma joka alama da hannu, anka karɓe mikro da dabara, anka ce mun gode inna, lokaci ya ƙure. Mun karɓi perdiyam mun dawo. Abin da anka ƙirƙiro don talaka ya tuhumi na sama ya koma hanyar da na sama ke koya ma talaka wanke hannu da sabulu, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗɗi. Ku tambayi wanda ya ba ku tallafin nan tun yanzu ko yana da amsar da yake son a fito da ita. In yana da, to ba forum yake so ba, talla yake so.

Akwai haɗarin da ba a faɗa kuma. Ku mota za ta kwashe ku bayan la'asar, wanda ya shigo fili ya yi magana shi zai kwana a garin. A Adar maganar aji ba ta tsaya ga mai kuɗɗi da marar kuɗɗi ba, akwai maganar asali, akwai wanda har gobe ake ce ma bawan gidan wane, akwai wahaya, macen da ake saye a ajiye bayan mata huɗu na aure. Dokar da ta maida bauta laifi a 2003 anka yi ta, kuma duk mun san shari'ar Hadijatou Mani, ƴar yankin Ƙonni da anka sayar a matsayin wahaya, da kotun CEDEAO ta yanke a Yamai a watan Oktoban 2008, ta ce ƙasa ta gaza kare ta, a biya ta sefa miliyan 10, shari'ar da ta shigar da taimakon ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta. In kunka ce yarinyar taku daga irin wannan gida ta fito, kuma ni ina ganin ya kamata ku taɓo shi ko da hannunka mai sanda ne, to a fili buɗe, gaban mai gari da iyayen gijin, duk wanda ya tashi ya kare ta ya faɗi ko shi wane ne. A rubutaccen wasa ɗan wasa ne ke ɗauke da maganar, mai kallo na zaune cikin duhu, zai iya gyaɗa kai ba wanda ya gani.

Kar kuma ku ɗauka rubutaccen wasa shi ne na matsorata. A Kenya, marubuci Ngugi wa Thiong'o ya daɗe yana rubutu da Turanci yana sukar masu mulki ana barinsa, amma da shi da Ngugi wa Mirii sunka yi wasa da harshen Kikuyu a ƙauyen Kamiriithu a 1977, manoma da leburori ne ƴan wasan, su sunka gina dandalin da hannunsu, labarin ƙwace ma talaka fili, cikin makonni anka janye izini, ƙarshen Disamba anka tsare shi kusan shekara ba shari'a, a 1982 anka rushe dandalin. Rubutacce ne wasan. Abin da ya tsorata hukuma shi ne da wane harshe anka yi shi kuma su wa ke zaune suna ji. Ku da Hausa za ku yi, Hausar Adar ma, don haka ko wanne kunka zaɓa ku bi ta meri da masu unguwa ku nemi izini yadda ya kamata, kar ku kama sunan kowa, kar Alhajinku ya yi tafiya ko tari irin na wani da gari ya sani. Wanda ya tsargu shi ya sani.

Ta fannin aljihu ba zan ja ba. Sal na cin kuɗɗi a dare ɗaya ko biyu: wuri, sono, fitilu, kati, da gurup na ko-ta-kwana don kar kuran ya ɗauke ana tsakiyar kukan tsohuwa. Zo-ka-gyara ana ganin kamar araha ne amma esansi da abincin mutum goma sau goma ba wasa ba ne, kuma fita ɗaya ko biyu ba ta da amfani, sai an yi ta yi kafin ƴan wasa su iya. Abin da ya fi kuɗɗi tsada shi ne joka. Mutum ne mai haƙuri, mai barkwanci, wanda zai iya tsayar da dattijo ba tare da ya kunyata shi ba, wanda ya san doka, ya san mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30.047 zuwa jika 42 a wata tun Janairun 2024, ya san ina ofishin sufeton ƙwadago yake, don wani zai tambaya. Ƙanena, ka faɗa min da bakinka ba ku da irin wannan mutum tukuna, wanda kuke tunani mai son wa'azi ne, in ya riƙe mikro sai an ƙwace. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka ni dai, da wanga labari, da wanga kuɗɗi, da wata uku, rubutaccen wasa na zaɓa muku. Amma da sharuɗɗa. Kar ku rubuta shi a ɗaki ku kawo ma ƴan wasa, ku yi yadda munka gada, ku tsara da baki, ku ɗauki repetisiyo da portabul, abin da ya fito da daɗi shi za a rubuta a daskare, ta haka rubutun zai zo da Hausar baki ba ta takarda ba. Kar ya wuce awa guda. Kar ku ƙare shi gaban hukuma tana raba gaskiya, kuma kar Hajiya ta tuba tana kuka, ku bar manyan su wanke kansu tas su koma cin abinci, ƴar gidan kaɗai ta kasa haɗiye lomar. Dare biyu za ku yi: na farko da kati, na biyu kyauta da la'asar sakaliya lokacin da ƴan aiki ke ɗan samun sarari, ku bi ta wurin matan da ke sayar da abinci da masu ɗibar ruwa ku sanar, su sun san inda yaran suke. Ku ɗauki sauti mai kyau ku kai ma gidajen rediyo, ku yanka guntaye ku saki a WhatsApp, don ƴan bida na Abijan da Libiya su ma su ji, su ne iyaye da yayyen yaran nan.

Inda zan juya in ce ku yi zo-ka-gyara shi ne in kunka canza wurin da canza mai labarin. Da rani in ka shiga ƙauyukan Adar maza sun tafi, mata ne da tsofaffi da yara, wato ainihin waɗanda ke yanke shawarar a tura yarinya birni. A nan tambayar ba mi yarinyar za ta yi ba ce, a'a, uwa ce ga dillaliya ta zo da alkawali da ɗan turmin atamfa, rumbu ya kusa ƙarewa, mi za ta ce, wane sharaɗi za ta kafa, wa zai zama shaida, kuɗɗin hannun wa za su riƙa shiga, yaushe za ta ji muryar ɗiyarta. Wannan uwa tana da zaɓi, ko da ƙanƙane ne, kuma matan da ke zaune sun fi ku sanin amsar. Fage guda ne daga cikin wasanku, kuna iya ciro shi baɗi in kun samu joka, ko ku tura mutum biyu su koyo wurin waɗanda sunka iya a Yamai.

Ranar laraba in sha Allah zan leƙo repetisiyo. Ku fara neman wadda za ta yi Hajiya tun yanzu don ita ce wasan, ba mai zare ido nake nufi ba, mai fara'a, mai kyauta, irin wadda in ta ce yarinyar nan kamar ɗiyata take sai ka ji har ranta ta yarda da abin da ta faɗa. In kuma kuna neman mai gadin ƙofar Alhaji, jan rawanina na dogari na nan cikin akwati, asu bai gama da shi ba.